Ranar da Muka Koma Dutsen Kufena

(Jawabin da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)





Da sakataren ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa ni zan yi jawabi a bana, ya ba ni zaɓi tsakanin batun gyaran ɗakunan kwana da batun taɓarɓarewar ilmi. Sai na buga masa waya na ce waɗannan batutuwa an sha yin su a wannan zaure, kuma waɗanda suka yi su sun fi ni sani. Na roƙe shi ya bar ni in ba da labarin wani yawo da muka yi ni da 'yan ajinmu. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Yawo kuma, Alhaji?" Na ce masa yawo. To, ga shi dai ya amince, saboda haka in jawabin bai gamsar da ku ba, laifin namu ne mu biyu.

Yadda maganar ta taso

Bara, bayan Babbar Salla, muka haɗu a Zariya wajen ta'aziyyar wani ɗan ajinmu, Allah ya jiƙansa. Kun dai san yadda haɗuwar irinmu ta koma, in ba ɗaurin auren 'ya'ya ba, to jana'iza. Bayan an shafa fatiha muka koma gefe cikin inuwa, muka shiga lissafin waɗanda suka rage a cikinmu. Lissafin bai yi daɗi ba, kowa ya yi jugum. Can sai ɗayanmu ya ɗaga kai ya dubi yamma, inda Dutsen Kufena yake, ya ce, "Wai wane ne a cikinku ya sake hawa dutsen can tun da muka bar makaranta?" Muka dubi juna. Babu ko mutum ɗaya. Ga wanda ya yi karatu a Ingila, ga wanda ya shekara 20 yana aiki a Legas, ga waɗanda ke wuce Dutsen Zuma a mota kowane mako a kan hanyar Abuja, amma ba wanda ya ƙara taka Kufena.

Ɗaliban yanzu ba za su gane dalilin da ya sa wannan tambaya ta taɓa mu ba, sai na yi musu bayani. A zamaninmu, watau cikin shekarun 1970, malamin labarin ƙasa ba ya yarda ɗalibi ya gama aji 3 bai hau wannan dutse ba. Ranar Asabar ake zuba mu a babbar motar makaranta, kowa da gorar ruwansa da ƙullin garin kwaki da ƙuli-ƙuli, don ranar mun huta da gabza. Malam yana riƙe da taswira da kamfas. In an kai ƙololuwa sai ya shimfiɗa taswirar a kan dutse, ya danne kusurwoyinta da tsakuwa, ya ce kowa ya nuna masa a ƙasa abin da ke cikin takarda. Wanda ya kasa bambance kogi da hanyar jirgin ƙasa, shi zai ɗauko jakar Malam wajen saukowa. Abin da na koya a wannan wuni ɗaya bai bar kaina ba har yau, alhali yawancin abin da na haddace don jarrabawa ya daɗe da bin iska.

Nan take muka yanke shawarar komawa, muka sa Asabar ta farko a watan Nuwamba. Akwai dalilin zaɓen wannan lokaci. Da damina dutsen yana da santsi, ga ciyawa ta rufe hanya. In an shiga Disamba kuwa hazo ya sauko, sai mutum ya sha wahalar hawa ya kai sama bai ga komai ba. A farkon Nuwamba ruwa ya ɗauke, dutse ya bushe, sararin sama kuma yana nan garau. Mu 14 muka yi alkawari. Da ranar ta zo, mu 7 muka hallara. Sauran kowa da uzurinsa, daga mai ciwon gwiwa sai wanda uwargida ta ce ba da yawunta ba.

Neman jagora

Ana saura mako biyu sai muka farga cewa babu wanda ya tuna hanya a cikinmu. A nan ne wani ya tuno da wani ɗan ajinmu. Ba zan faɗi sunansa ba don bai ba ni izini ba, amma 'yan zamaninmu za su gane shi in na ce Mai Ƙararrawa, domin shi ke buga mana ƙarfen tashi da na cin abinci. Da muka gama makaranta muka watsu jami'o'i, shi mahaifinsa ya rasu, ya koma gida ya riƙe ƙannensa. Ya yi aikin koyarwa a firamare har ya zama hedimasta, ya yi ritaya, yana zaune a wani ƙauye da ke kusa da dutsen yana noma. An daɗe ƙwarai ba a gan shi a taron nan ba.

Ni aka wakilta in nemo shi. Sai da na yi tambaya sau uku kafin in sami gidan. Na tarar da shi a zaure yana gyaran buhuna. Ya dube ni ya daɗe, sa'an nan ya kira ni da sunan da ba wanda ya kira ni da shi tun ina saurayi. Ya sa aka kawo fura. Bayan mun gaisa ya ce, "Ashe kun san hanyar gidana." Cikin murmushi ya faɗa, amma na ji maganar har cikin ƙashina. Da na gaya masa abin da ke tafe da ni sai ya kafa sharuɗɗa. Za mu tashi da an idar da sallar asuba. Kowa ya zo da takalmi mai ƙasan roba, da ruwa aƙalla lita 2, da hula mai baki. Ba babbar riga. Kuma sai mun fara gaida mai unguwa ya haɗa mu da samari biyu, domin ba a shiga dajin mutane ba da saninsu ba, balle a wannan zamani.

Daga gona zuwa gindin dutse

Muka bi ta Wusasa, garin da 'yan mishan suka koma daga cikin birnin Zariya a 1929, inda har yau tsohon cocin da aka gina da ƙasa irin ginin Hausa yake tsaye. Muka ajiye motoci a ƙofar mai unguwa, muka kama hanya a ƙafa wajen ƙarfe 6:30. Raɓa ba ta bushe ba, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran yanka, wake ya yi yaɗo a ƙarƙashinta. Muna cikin tafiya Mai Ƙararrawa ya tsaya a kan wani ɗan tudu mai tsawo wanda ya ratsa gonaki, ya tambaye mu a kan me muke tsaye. Wani ya ce kunya ce, wani ya ce iyakar gona. Ya ce, "Ganuwa ce kuke takawa." Ashe ragowar tsohuwar ganuwar da ta kewaye Kufena ce, ruwan sama da garma sun cinye ta har ta koma haka. Da mu kaɗai ne, da mun tsallake ta ba mu sani ba.

Daga nan tafiyar ta koma aji. Duk itacen da muka wuce sai ya tambayi sunansa. Kuka da tsamiya da ɗorawa da kaɗanya ba su ba mu wuya ba. Da muka fara shiga duwatsu sai muka ƙare. Ya nuna mana hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, mai ɓawo kamar takarda, wanda ake turare da ƙaronsa ake kuma jiƙa sassaƙensa don magani. Ya nuna mana kukkuki, da tsada, da wani baure da ya tsiro a tsagar dutse, saiwarsa ta bi tsagar tana neman danshi. Ya ce da sannu wannan saiwa za ta buɗa tsagar har dutsen ya rabe. Akwai mai digiri uku a cikinmu, amma a wannan jarrabawa bai ci rabi ba.

A kan dutse

Hawan kansa ba a yin sa kai tsaye. Jagoranmu ya bi da mu a karkace, mu yi dama mu dawo hagu, muna hutawa bayan kowane minti 10. Samarin nan biyu suna tsalle a gabanmu kamar awaki, mu kuwa ba ka jin komai sai haki. Abin da muka haye da gudu muna 'yan shekara 15, ga shi muna yin sa da rarrafe. Wani daga cikinmu ya rantse cewa an ƙara wa dutsen tsawo.

A wani wurin hutawa ne darasin malaminmu ya dawo mini. Wannan dutse, da ire-irensa da ke warwatse a ƙasar Zazzau, a can ƙarƙashin ƙasa aka yi su. Narkakken dutse ne ya huce a hankali cikin zurfin ƙasa fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce. Saboda a hankali ya huce, ƙwayoyinsa suka yi manya, har in ka duba da kyau za ka ga iri uku: fari mai kama da gilashi, da mai ɗan ja-ja, da baƙi mai ƙyalli. Daga baya ruwa da iska suka yi ta kwashe ƙasa mai laushi da ke kansa da kewayensa, shi kuwa da yake ya fi tauri sai ya rage a tsaye. Da nauyin da ke danne shi ya kau, ga zafin rana ga sanyin dare, sai bayansa ya riƙa ɓarewa falle-falle kamar ɓawon albasa. Shi ya sa kansa ya yi sumul kamar ƙwarya a kife, shi ya sa kuma ake ganin manyan ɓaraguzai a gindinsa.

Da muka ƙara gaba sai Mai Ƙararrawa ya durƙusa ya share ƙasa da hannu, ya nuna mana wasu ramuka masu santsi a jikin falalen dutse. Ya ce a nan matan da suke niƙa. Ya tsinto 'yan katangar tukwane ya zuba mana a tafin hannu, ya ce mu duba zanen da ke jikinsu, sa'an nan ya sa muka mayar da su inda suke. Ga kuma kwarmi inda ruwan damina yake taruwa ya daɗe bai ƙafe ba. Duk wanda ya ga waɗannan abubuwa ba sai an gaya masa cewa mutane sun zauna a nan ba.

Wannan shi ya kawo mu ga tarihi. Marigayi Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, ya jawo hankalin masana ga yadda da yawa daga tsofaffin biranen ƙasar Hausa suka tashi a gindin irin waɗannan duwatsu. Kano tana da Dala, inda tarihi ya ce Barbushe ya zauna. Kwatarkwashi tana da nata. Zazzau tana da Turunku da Kufena. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne ga wanda ya hau ya gani da idonsa. Dutse mafaka ne ranar yaƙi, daga kansa ana hango maƙiyi tun yana nesa. Ruwan da ya gangaro daga jikinsa yana sa ƙasar gindinsa ta yi albarka. Mutanen da kuma sun ɗauka cewa iskoki a can suke zaune, saboda haka wurin ya zama na tsafi da taruwar jama'a. Masu tarihin baka suna cewa daga Turunku, garin Bakwa wadda ake danganta Sarauniya Amina da ita, sarautar Zazzau ta taso ta yo Kufena, kafin a kafa birnin da muka sani yanzu. Masu binciken kayan tarihi na jami'a kuma sun tono wuraren da aka narka tama a Samaru, waɗanda suka girmi birnin da ɗaruruwan shekaru. Saboda irin wannan ne gwamnatin tarayya ta sa Kufena cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa.

Abin da muka hango

Wajen ƙarfe 8:30 muka kai sama. Jama'a, gani ya kori ji. Iska mai sanyi ta buge mu, kowa ya nemi wuri ya zauna, aka daɗe ba wanda ya ce uffan. Ta gabas ga birnin Zariya shimfiɗe, da hasumiyoyin masallatai da 'yan rimayen da suka rage. Ta arewa ga Samaru, ana hango dogon benen jami'ar da aka buɗe a 1962. Wani ƙaramin jirgin koyon tuƙi daga kwalejin jiragen sama yana ta kewaya. Ta yamma da kudu kuwa gonaki ne iyakar ganinka, ga wasu duwatsun sun ɗago kai nan da can kamar giwaye a kwance.

Amma hoton da ke cikin kaina da wanda ke gabana ba su zo ɗaya ba. A zamaninmu tsakanin birni da Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru akwai fili, akwai gonaki da fadamu, kowane gari ka gan shi daban. Yanzu rufin kwano ya kusa haɗe su duka, yana kuma matsowa gindin dutsen. Ba abin mamaki ba ne, domin ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya mutum kusan miliyan 56, ta 2006 kuwa ta ba da miliyan 140, kuma kowa sai ya sami wurin kwana. Sai dai mutum ba ya gane girman abin daga cikin mota. Na ɗaga kai ina neman ungulu, wadda a da ba a rasa ta tana shawagi a saman dutsen nan, ban ga ko ɗaya ba. Na tambayi rema, 'yar dabbar nan mai kama da zomo marar wutsiya wadda Malam ya ba mu dariya da ya ce 'yar'uwar giwa ce, kuma gaskiya ya faɗa. Jagoranmu ya ce ya daɗe bai ga ta fito shan hantsi ba. Kazar dutse kaɗai muka ji kukanta.

Daga nan muka bi gadon bayan dutsen, daga wannan tozo zuwa wancan, mu ɗan gangara mu sake hawa. Nan ne yawon ya fi daɗi. Hagu sarari, dama sarari, ba ƙarar mota, ba mai neman ka sa hannu a takarda. Muka dawo yara, ana tone-tonen asirin makaranta, wa ya saci mangwaron firinsifal, wa ya yi barci a kan gadi.

Abin da ya faru a tozo na biyu

Muna cikin wannan raha sai na lura ɗayanmu ya yi shiru. Shi ne golan makaranta a zamaninmu, daga baya ya riƙe babban muƙami a gwamnati, irin mutanen da ba a ganinsu sai an cika fom. Ya zauna daɓas, gumi yana keto masa duk da sanyin iskar, hannunsa yana rawa, maganarsa ta fara sarƙewa. Hankalinmu ya tashi. Wani ya zaro waya yana neman lambar likitansa a Abuja, wani yana cewa a ɗauke shi, alhali mu kanmu da ƙyar muke ɗauke da kanmu. Na dubi gangaren da muka hawo, na tuna wajen ta'aziyyar da maganar ta faro, gabana ya faɗi.

Mai Ƙararrawa ya durƙusa a gabansa ya ce, "Gola, dube ni. Kana da ciwon suga?" Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ka karya kumallo?" Ya ce a'a, magani kawai ya sha don kada ya makara. Sai ya buɗe 'yar jakarsa ya ɓallo mazarƙwaila ya ba shi ya ce ya tsotsa, ya sa samarin suka yi masa inuwa da mayafi. Kafin minti 15 idonsa ya washe, rawar ta tsaya. Sa'an nan ya ba shi gurasa da ƙuli ya ce sai ya cinye. Ya bayyana mana cewa wanda ya sha maganin suga bai ci abinci ba, kuma ya yi aikin ƙarfi, sugan jininsa kan yi ƙasa ƙwarai, kuma in yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, abu mai zaƙi ake fara ba shi. In ya suma kuwa ba a ɗura masa komai, sai asibiti. Na faɗi wannan ne don na san rabin waɗanda ke zaune a layin gaba suna da ƙwayoyi a aljihu.

Da Gola ya dawo daidai sai ya kama hannunsa ya riƙe, ya ce, "Malam, me ya sa ka daina zuwa taro?" Ya so ya kauce, muka matsa masa. Sai ya ce zuwansa na ƙarshe, a kan babur ya zo. Masu tsaron ƙofa suka nuna masa bayan rumfa, domin kujerun gaba na manyan baƙi ne. Ya zauna yana kallon 'yan ajinsa daga nesa. Aka shiga gidauniya, mai sanarwa yana kiran sunaye da dubbai da miliyoyi, ana tafi. Shi kuwa ya zo da 'yan kuɗin da ya ware daga fanshonsa. Ya ce ya juya su a aljihu, ya ga in ya miƙa za a faɗi adadin a lasifika, sai ya tashi a hankali ya hau babur ɗinsa ya koma gida.

Ya 'yan'uwa, mai sanarwar nan ni ne. Ni na riƙe lasifika a ranar, kuma har na sauka ina ganin na yi wa ƙungiya aiki. Ban san ya zo ba, ban san ya tafi ba, ban kuma tambaya ba sai da muka bukaci wanda zai nuna mana hanya. Na nemi gafararsa a kan dutsen, ina kuma sake nema a gabanku.

Ya ƙara gaya mana wani abu. Duk tsawon shekarun da ya yi yana koyarwa, kowace kaka yakan hau da 'yan aji 6 na firamarensa, ya yi musu irin abin da malaminmu ya yi mana. Waɗanda suka gaje shi sun ci gaba da yi, har lokacin da satar mutane ta yi tsanani a kewayen Zariya wajen 2021, iyaye suka hana, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Tun daga nan ba a koma ba. Ya ce abin da ke damunsa shi ne yaran da aka haifa a gindin dutsen sun san sunayen 'yan ƙwallon Turai, amma ba su san hano ba, ba su san tudun da suke kiwo a kansa ganuwa ce ba.

Saukowa

Saukowa ta fi hawa wuya, gwiwa ce ke faɗa maka shekarunka. Muka gangaro ta wani gefen dabam. A ƙasa muka iske masu fasa dutse. Sukan hura wuta da itace da tsofaffin tayoyi a kan falalen dutse har ya tsage, maza su ɓamɓaro shi, mata da yara su zauna da guduma suna mayar da shi tsakuwa, tifa ta zo ta kwasa. Ban ga laifinsu ba, abinci suke nema, kuma wataƙila da irin wannan tsakuwa aka zuba dakalin gidana. Amma wuta ba ta san falalen da ke da ramin niƙa na kakanni ba, kuma abin da aka fasa ya tafi ke nan.

Roƙona ga wannan ƙungiya

Mai girma shugaba, ba don nishaɗi kawai na kawo wannan labari ba. Mun gina azuzuwa, mun sayi kwamfutoci, mun haƙa rijiyar burtsatse, kuma duk sun yi amfani. Amma akwai ilmin da aka ba mu a wannan makaranta wanda ba mu miƙa wa na baya ba, watau sanin ƙasarmu da ƙafa da ido. Wannan ilmi yana hannun irin su Mai Ƙararrawa, waɗanda suka zauna a gida lokacin da muka tafi, kuma su ne muka tura bayan rumfa. Kowace shekara muna binne wasu daga cikinsu. Saboda haka ina da roƙo uku.

Na farko, ƙungiya ta ɗauki nauyin fita da ɗalibai zuwa Kufena sau ɗaya a shekara, a farkon Nuwamba. Abin da ake bukata mota ce da abinci da ruwa da akwatin magani, da yardar iyaye, da shawarar masu unguwanni da jami'an tsaro. In sun ce lokacin bai dace ba, a ɗaga. Kuɗin bai kai abin da muke kashewa a kan rumfuna da jakunkunan rabo na wuni ɗaya ba. Mu 7 da muka hau mun ɗauki nauyin shekarar farko, kuma Gola ya ce shi zai sayi mazarƙwaila.

Na biyu, a sa malamin labarin ƙasa da na tarihi su zauna da dattawan da ke kewayen dutsen, ɗalibai su rubuta sunayen itatuwa da amfaninsu, da sunayen wurare da labarinsu, a riƙa bugawa a wannan mujalla tamu. A kuma rubuta wa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979 don kula da irin waɗannan wurare, a nemi ta sa alama a inda ganuwa ta bi da inda kayan tarihi suke, don masu gona da masu fasa dutse su san inda za su tsaya.

Na uku, kowane aji ya zauna ya rubuta sunayen 'yan'uwansa da suka daina zuwa, a bi su har gida. Daga baɗi kuma a jera kujeru bisa shekarar da mutum ya gama makaranta, yadda muke jeruwa a layin asambuli, a daina faɗin adadin gudummawa a lasifika sai ga wanda ya nema.

Ku kuma 'ya'yanmu da ke can baya, in an ce za a tafi, kada ku noƙe. Ku hau tun gwiwa tana da ƙarfi, ku kuma lura da wanda ke tafiya kusa da ku, domin ba ku san wanda zai durƙusa a gabanku wata rana ba.

Daga ƙarshe, ina farin cikin sanar da ku cewa Mai Ƙararrawa yana cikin wannan zaure. Da kaina na je na ɗauko shi da safe, bayan na yi masa alkawarin ba zan nuna shi ba, saboda haka kada ku waiwaya.  Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.